Kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa a kilinik: a faɗa wa iyali lissafin tun ranar farko

Jama'a masu saurarenmu, da ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, yau za mu taɓo maganar da ba mu cika son yi a fili ba: kuɗin jinyar mai taɓin hankali.

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, amma ragin bai shafi kilinik masu zaman kansu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su da yawa a Nijar, akasarinsu suna Yamai, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen da aka fi sani da Pavillon E. In layi ya yi tsawo, ko iyali na gudun idon mutane, sai a nufi kilinik. To, nawa ya kamata a biya a can?

Bari mu fara yi wa likita adalci. Mai zazzaɓin cizon sauro, cikin ɗan lokaci an gwada jini, an rubuta magani. Mai taɓin hankali kuwa sai an zauna an saurare shi, an saurari wanda ya kawo shi. Ganin farko kan ci kusan awa guda. Ke nan mutanen da likita zai gani a yini ba su da yawa, ga haya, ga kuɗin wuta, ga albashin ma'aikata, ga haraji. Ba laifi ba ne ya ci guminsa.

Sai dai wannan ciwo ba a gama shi da zuwa ɗaya. Wani wata shida, wani shekaru. Mu yi misali kawai: a ce ganin likita jaka 10, magani jaka 8, kuɗin motar mutum biyu jaka 12. Jaka 30 ke nan kowane wata, alhali albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jaka 42 ne. Watan farko a sayar da akuya, na biyu a taɓa rumbu, na uku a daina zuwa. Kuma tsayar da magani kwatsam shi ke yawan dawo da ciwon. Daga nan sai a ce na asibiti bai yi ba, a koma ɗaure bawan Allah da mari.

Nan ne amanar likita take. Marar lafiyar nan ba ya iya ciniki, iyalinsa kuma a firgice suke, ko nawa aka ce za su biya. Don haka muna ganin ya kamata a manna farashi a bango, a faɗa wa iyali tun ranar farko tsawon lokacin da ake tsammanin jinyar za ta ɗauka, a sassauta kuɗin randebu na komawa tunda bai kai na farko tsawo ba. In akwai magani mai sauƙin kuɗi da ya dace da shi, irin su haloperidol da ke jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, a rubuta shi. In ya samu sauƙi, a miƙa shi asibitin da ke kusa da garinsu, kada a riƙe shi don kuɗi.

Ku kuma ƴan uwa masu turo kuɗi, kada ku juye komai a watan farko. Ku raba shi wata-wata, ku ce a karɓi resi, a kuma tambayi likita ba kunya: "Har yaushe, kuma nawa gaba ɗaya?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.