Dattijon da na daka wa tsawa a bakala

Yau kaina zan tona wa asiri.

A hutun da ya wuce ina kan layi a wata bakala a Yanbu Sina'iyya, wani dattijo a gabana yana ta lalube aljihu, ya kasa haɗa kuɗin burodi da laban. Na ƙosa, na daka masa tsawa da Larabci: yalla, ka matsa, ba kai kaɗai ba ne! Ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri ɗana, yanzu zan gama." Da Hausa fa, Hausar Zazzau tsantsa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na bi shi waje. Ashe mutumin Wusasa ne, Kirista, yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun da suka cika garin nan tun kafa hukumar raya Jubail da Yanbu a 1975. Na ce, "Baba, me ya hana ku rama?" Ya yi dariya. Wai tun yana yaro mahaifiyarsa ke karanta masa Karin Magana sura 15, inda aka nuna amsa mai taushi ce ke kwantar da fushi. Kuma a Yohanna 13 Almasihu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa, to shi wane ne?

Ba muhawarar addini na kawo ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne ni ma ina da nawa karatun, na kuma haddace shi. Aya ta 18 da 19 a Suratu Luƙman sun hana karkatar da kunci ga mutane, sun ce a sassauta murya. A Ɗaha aya ta 44 an umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su tausasa magana ga Fir'auna. Fir'auna guda! Ni kuwa mai sayen burodi na samu.

Mu da aka haifa a nan muna da wani ciwo. Larabci ya zauna a bakinmu, muna alfahari da wasan da Usama Hausawi ya buga a filin ƙwallo, sai mu riƙa yi wa sabon zuwa kallon hadarin kaji, har mu ce masa takari. Kalmar da in an jefe mu da ita ba ma barci. Alhali kakanninmu da ƙafa suka ratso Cadi da Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, ba "yalla" ɗin ma suka iya ba.

Na san za a ce in ka yi laushi a ƙasar nan taka ka za a yi. Akwai gaskiya a ciki. Amma mu duba, wa muke ɗaga wa murya? Gaban mai kujera ai laƙwas muke yi. Direba, mai shara, tsohuwar da ta zo Umra, su ke shan zafinmu.

Da na ba Kaka labari ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka dai karɓar masa ledar?" Ban karɓa ba.