Kisan Ƙare-Dangin Yahudawa: Da Aji Aka Fara

Tun shekarar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 27 ga Janairu domin tunawa da Yahudawa kimanin miliyan shida da gwamnatin Nazi ta Jamus da maƙarrabanta suka hallaka. A rana irin wannan ce, cikin 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka kutsa sansanin Auschwitz. Duniya takan tuna da sansanoni da jiragen ƙasan da suka yi jigilar mutane zuwa ga ajalinsu. Mu malamai kuwa, akwai babin da ya wajaba mu karanta da idon basira, domin da sana'armu aka fara.

Hitila ya hau mulki a Janairun 1933. Ranar 7 ga Afrilun shekarar aka yi dokar da ta share hanyar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da malaman makaranta. Kafin watan ya ƙare aka ƙayyade yawan 'ya'yansu da za a ɗauka a makarantu, sannan a Nuwamban 1938 aka kore su daga makarantun gwamnati baki ɗaya. Ƙungiyoyin malamai masu zaman kansu aka rushe su ko aka haɗiye su, har ya zamana a 1937 kimanin kashi 97 cikin 100 na malaman ƙasar suna cikin ƙungiyar malamai ta jam'iyyar Nazi. Aka cusa wa manhaja aƙidar fifikon jinsi, aka koya wa yaro kallon abokin zamansa a matsayin annoba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, azzalumai ma sun san haka.

Duk da haka, sana'ar ba ta rasa masu fitar da ita kunya ba. Janusz Korczak, likita kuma mai tarbiyya da ke kula da gidan marayu a birnin Warsaw, ya ƙi rabuwa da yaransa, ya bi su zuwa sansanin Treblinka a Agustan 1942, aka kashe su tare.

A yau waɗanda suka tsira suna ta ƙarewa, amanar labarin tana komawa hannun makarantu, 'yan siyasa kuma suna kai mata hannu. A 2018 ƙasar Poland ta yi dokar ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda ya jingina laifukan Nazi ga al'ummar ƙasar, sai da suka ta yi yawa aka janye hukuncin ɗaurin bayan 'yan watanni. A shafukan sada zumunta kuma masu musun aukuwar kisan suna ta yaɗa ƙarya, abin da ya sa Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da musun a Janairun 2022.

Mun san tambayar da wasu 'yan'uwa za su yi: yaya za a yi wannan zance alhali ga jinin da ya zuba a Gaza? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Yaron da aka kashe a Treblinka a 1942 ba ya ɗauke da alhakin abin da wata gwamnati ta aikata bayan shekara tamanin. Haka kuma babu gwamnatin da ke da ikon fakewa da gawarsa domin toshe bakin masu sukar ta. Malamin da ya musanta zalunci ɗaya saboda takaicin wani ya koya wa ɗalibansa cewa gaskiya tana da ɓangare. Ya dace kuma ɗalibanmu su ji labarin Dakta Mohamed Helmy, likita ɗan Masar da ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a birnin Berlin, ya sayar da ransa har yaƙin ya ƙare tana raye.

Saboda haka muna kira ga membobinmu, musamman malaman tarihi da na zamantakewa, da su ware wa wannan darasi lokaci a zangon nan. A koyar da shi da shekaru da sunaye da hujjoji, a ba yara damar tambaya, a nuna musu yadda ake tantance abin da suka gani a waya. Iyaye ma su sa kunne ga kalmomin da ake kiran wasu ƙabilu da addinai da su a cikin gida. Ƙungiya kuma ta riƙe 'yancinta da kyau, domin malaman Jamus sun rasa nasu ne cikin 'yan watanni, kuma ɗalibansu ne suka biya farashin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.