Daga Garuruwanmu: Janfalan

A wannan watan za mu leƙa Janfalan, wadda wasu ke rubutawa Jamfalan, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ikara, a arewacin Jihar Kaduna, yankin da ya yi iyaka da Jihar Kano.

Ƙasar Zazzau ce tun fil azal. Da ita aka ga zuwan Malam Musa da tutar jihadi a 1808, da ita aka ga shigowar Turawa Zariya a 1902. A 1976 aka kafa Ƙaramar Hukumar Ikara, daga baya aka yanke Makarfi daga jikinta, sannan a 1996 aka sake yanke Kudan daga Makarfi, hedikwatarta a Hunƙuyi. Janfalan dai tana nan a Ikara.

Yankin na manoma ne. Da damina masara da dawa, da rani kuwa a koma fadama: tumatir, attaruhu, albasa, ga rake da mazarƙwailar da Makarfi ta yi suna da su. Saboda yawan tumatirin ne ma aka kafa kamfanin sarrafa shi a Ikara a 1981, kodayake ya sha zama a rufe, manoma suka koma yanka shi suna shanyawa a rana. Uwargida, ba mamaki busasshen tumatirin miyarki daga can ya fito.

Abin da ke damuna shi ne, ƙananan garuruwa irin wannan tarihinsu ba ya cikin littafi, yana bakin tsofaffi. Wa ya fara saran daji ya zauna? Daga ina zuriyar dagaci ta taso? Wace rijiya ce ta fari? Kakanninmu mata su suka fi riƙe irin wannan, don su suka san wa ya auri wa, kuma kullum raguwa suke yi.

Ga 'ya'yanmu na birni. Yaro zai nemi gurbin jami'a ko aikin gwamnati, a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, a tambaye shi mazaɓa da sunan mai unguwa, ya tsaya yana zare ido. Wani ma takardar haihuwar mahaifinsa Ikara ta ce, alhali ƙauyensu tuni ya koma Kudan.

Don haka idan kun je gida da Sallah, ki zaunar da yara gaban Inna ko Goggo, ki kunna rikodar wayarki. A fara da sunan unguwa da na kakan kaka.