A Bar Wa Birni Wurin Shan Iska

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana kan wurin shan iska na Ƙofar Gamji a Kaduna, inda gadar Gwamna Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru a 1954, take har yau, inda kuma magidanci kan shimfiɗa tabarma da iyalinsa ranar Sallah, yara na guje-guje a inuwa, alhali a unguwanninmu ba su da wurin wasa sai bakin kwalta. Irin wannan wuri maslaha ce ta jama'a, amana kuma a wuyan hukuma. Don Allah mahukunta su shata hanyar ƙafa a gaɓar Kogin Kaduna da ke wurin, su dasa dogonyaro, su hana a yanka wurin fulotai.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kaduna