Kaza a tukunyar lantarki: Ba girkin da za a ɗora a manta da shi ba ne

Chicken pot pie abincin Amurkawa ne na lokacin sanyi: kaza da karas da dankalin Turawa a cikin romon madara mai kauri, a lulluɓe da gasasshen ɓawon fulawa. Tun da kamfanin Rival ya fito da tukunyar Crock-Pot a 1971, wadda ke dafa abinci a hankali da lantarki, ma'aikata suka samu damar ɗora girki da safe su tarar da shi da yamma.

Sai dai masu cewa a zuba komai a rufe a tafi suna yaudarar mutane. Tukunyar da tururi take aiki, ɓawon kuwa busasshen zafi yake so, idan aka sa shi a ciki sai ya jiƙe ya yi laɓe-laɓe. Gara a gasa shi daban. Madara ma tsinkewa take yi idan ta daɗe a wuta, sai minti 30 na ƙarshe ake zuba ta.

Babbar maganar ita ce lafiya. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta hana sa daskararriyar kaza a wannan tukunya, domin kafin ta ɗauki zafi naman ya daɗe cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ta kuma ce idan aka ɗauke wuta babu kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da dafaffe.

A Kano ko Kaduna, inda samun wutar awa shida a jere sai an yi sa'a, wannan asarar kaza guda ce da madararta. Gidan da ba shi da sola, tukunyar gas ta fi masa.