Hadaya Ba Ciniki Ba Ce

Jama'a, musamman ku 'yan makaranta na ƙasar Funtua da Malumfashi, akwai wata koyarwa da ta shigo majami'unmu wadda ya kamata mu tsaya mu auna ta. Masu ita suna cewa wai in mutum ya ba da baiko, lalle Allah zai mayar masa ninki goma kafin kaka ta zagayo, wanda kuwa ya zauna cikin rashi, bangaskiyarsa ce ta gaza. Mu dai ba mu yarda ba. Wannan ciniki ne aka sa masa rigar ibada.

Ku dubi abin da ya ke haifarwa. Manomi ya sayar da audugarsa, ya kwashe kuɗin taki da na makarantar 'ya'yansa ya kai wa mai wa'azi, yana jiran riba. Damina ta faɗi, ba taki, ba iri, rumbu wayam. Sa'an nan a ce masa laifinsa ne. Watau ga mari, ga tsinka jaka.

To, waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan, wace riba suka ci? A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Daga aikinsu mishan ɗin S.I.M. ya tsiro, wanda ya shiga cikin Maguzawan Malumfashi, har ekklesiyar E.C.W.A. ta kafu a 1954. Haka Isawa da suka bi Likita Miller suka zauna a Gimi ta ƙasar Zazzau, ciwon barci ya ɗebi da yawa cikinsu, amma sauran ba su juya baya ba. Haka kuma waɗanda suka yi shekaru suna wanke gyambon kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina. In da dukiya ce ma'aunin bangaskiya, ashe dukansu sun fāɗi ke nan. Wa zai iya buɗe baki ya faɗi haka?

Wani zai ce, “Ashe talauci ku ke yabo?” A'a, ko kusa. Yunwa ba tsarki ba ce. Ku yi karatu da himma, ku yi noma, ku sami abin hannunku. Likita Barau Dikko a Wusasa ya tashi, ya je Ingila ya koyi aikin likita, ya dawo ya yi wa mutanen Arewa aiki. Abin tambaya shi ne, abin da ka samu, wa zai amfana da shi? Almasihu da mu ke bi bai ɗauki gicciye don a biya shi ba. Mai ba da abu yana ƙirga abin da zai dawo masa, bashi ya bayar. Mai bayarwa don ƙauna kuwa, ya riga ya karɓi ladansa cikin kwanciyar rai, abin da ba a awonsa a kasuwar Funtua.

Hadayar da a ke nema gare ku a fili ta ke. Tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a 2020, tsoro ya sa aikin ƙauye ya yi wa mutane nauyi. Yaran ƙauyukan Kafur da Bakori suna bukatar mai koya musu karatu, marasa lafiya suna bukatar mai duba su, Kirista ne ko Musulmi. In kun gama makaranta, kada ku ce ƙauye ya yi muku kaɗan. A damina ku taya gwauruwa noma, ku koya wa ƙannenku karanta Littafi Mai Tsarki, wanda ya ke cikin harshenmu tun 1932. Duk wanda ya zo yana yi wa albarkar Allah kuɗi, ku tambaye shi abin da shi ya taɓa rasawa saboda wani.

Allah ya ba mu zuciyar bayarwa, amin.