Wanda Ya Je Kallon Kifi Da Wanda Kifi Ya Ci

Tun da na dawo daga Zanzibar ban huta da bakin mutanen Nima ba. A majalisar da muke shan ataya sunana ya koma Alhajin Kifi. Wani yayana a Maamobi ya ja ni gefe ya ce, "Haba ƙanena, shekara biyu kana zubin susu, ka kwashe kuɗin ka je leƙen ƙarƙashin ruwa ka dawo hannu rabbana? Da ka ba ɗan Hajiya ya cika kuɗin hanya, da yanzu yana Italiya." Na yi shiru saboda girmansa. Amsar da ban ba shi ba ita ce wannan.

Ba wata dukiya na ƙona ba. Mai fasfo ɗin Ghana ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Tanzaniya. Na sayi tikiti tun da sauran watanni, na bi ta Addis Ababa. A Nungwi, can arewacin tsibirin, ɗaki ɗaya muka raba da wasu baƙi, abincin bakin titi nake ci, daladala nake hawa, wato trotro ɗinsu. Garin Musulmi ne, masallaci bai yi mini wuyar samu ba. Kwana huɗu na yi ina koyon nutso da tulun iska a baya, aka ba ni shaidar da ta ba ni damar sauka har mita 18. Na koyi cewa a zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na doron ƙasa, shi ya sa ba a riƙe numfashi, ba a kuma tasowa da gaggawa. Kafin a karɓe ni sai da na yi iyon mita 200, na kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Wannan kuwa a Accra na koya, da furfura a gemuna, yara suna yi mini dariya.

To, mu ɗora tafiyata a kan sikeli tare da wadda yayana yake yabo. Yaro zai bar Nima ya bi ta Agadez, ya ratsa hamada a bayan mota, ya shiga Libiya, a cusa shi cikin kwalekwalen roba da dare. Wannan yaron bai taɓa shiga ruwan da ya kai masa ƙirji ba. A ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgin ruwa ya kife dab da tsibirin Lampedusa, ana hango gaɓa, mutane fiye da 360 suka mutu. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Duk mun sani. Amma har gobe ana karo-karo, uwa ta sayar da zannuwanta, a yi addu'a, a raka yaro tasha. Wannan ita ce tafiyar mai hankali a wurinmu, tawa kuma almubazzaranci.

Na san abin da za a ce mini: yunwa ce ke kora su, kuma waɗanda suka tsallake sun gina wa iyayensu gidaje. Gaskiya ne, ban raina talaucin kowa ba, a cikinsa na tashi. Sai dai muna ƙirga waɗanda suka isa, muna manta waɗanda wayarsu ta daina shiga. Ku je ku tambayi iyayen da har yau ba su san ko za su yi zaman makoki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne teku yana nan kusa da mu, amma sharar gidajenmu ta riga mu zuwa. Babbar gotar Nima tana zuba cikin Odaw, Odaw ta wuce ta Agbogbloshie inda aka shekara da shekaru ana ƙona wayoyin tsofaffin kwamfutoci don a ciro jan ƙarfe, ta faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku kusa da Jamestown. A 2021 hukuma ta rushe filin bola-jarin, ta mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku, amma ruwan bai daina baƙi ba, domin mu ba mu daina ba. Da hadari ya haɗu sai a fito da kwandon shara a juye a gota. A ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutane kusan 150. Ranar da na sauka cikin ruwan da ke kewaye da tsibirin Mnemba, ina ganin yashin ƙasa tar da kifaye kala-kala, Odaw ce ta faɗo mini a rai, kunya ta kama ni. Wanda bai taɓa ganin ruwa mai tsabta ba zai ɗauka haka Allah Ya halicci Korle.

Malamanmu kan kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo. A makarantun Zango nawa ake yi? Muna da kuɗin anko, muna da na suna da biki na kwana uku, amma kuɗin kai yaro wurin koyon iyo ranar Asabar ya gagara.

Yaya, ba zan ba ɗan Hajiya kuɗin hamada ba, ko yau ko gobe. Idan yana so, ya same ni ranar Asabar da safe, ni zan biya masa kuɗin koyon iyo. Zubin susu kuwa na riga na sake shiga, kuma a wannan karon da ɗiyata zan tafi.